Lamba Goma Sha Bakwai

Yau na kwashe ofishina a Joensuu.
Shekara talatin da huɗu
sun shige kwali tara, har da sauran wuri.
Ƙarfe uku na rana, duhu ya riga ya sauka,
kogin Pielis ya daskare kamar dutsen niƙa,
fitilun gada na rawar ɗari a kan ƙanƙara.

A ƙofa an rubuta Farfesa Orvokki Tanskanen.
Gobe za a ɓamɓare, a liƙa na wani.

Da agogo da allon rubutu na fara,
ina bayan gilashi, ina gani ba a ganina.
Yara na can suna gina gari da guntayen katako,
ni ina nan ina ƙirga:
sau nawa Ilmi ta bayar, sau nawa Eemeli ya ƙwace,
daƙiƙa nawa kuka ke ɗauka kafin ya koma dariya.
Na mai da wasa lissafi,
na mai da lissafi takarda,
takarda ta kai ni taro a Tartu da Uppsala,
aka tafa mini, aka ba ni kujera.
Mun yarda ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi,
ba wanda ya tambayi icen inda yake son fuskanta.

Amma akwai Tuure.
Shekararsa huɗu, jar hular ulu har gira,
wata bakwai bai ce uffan ba.
A jadawalina shi ne lamba goma sha bakwai,
layinsa sifiri, sifiri, sifiri,
kamar ƙwai jere a kwando.
Malamina ya leƙo ta saman tabarau:
“Wannan zai ɓata miki awo. Cire shi.”
Na cire shi.
Biro ɗaya, layi ɗaya.
Ina neman digiri, ga kuɗin haya a wuyana.

Ranar ƙarshe, ana ta neman safar hannu,
ya baro ’yan’uwansa, ya tako har jikin gilashin,
ya manna hanci, ya hura,
ya zana da’ira a cikin tururin bakinsa,
ya ɗiga mata ido biyu, bai yi mata baki ba.
Sannan, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tada barci:
“Ke ma ba kya magana?”

Agogo na tafiya a hannuna.
Babu gurbin da zan rubuta wannan.
Ashe duk watannin nan
akwai mai nazari a ɗaya gefen.

Daga ranar na fito fili.
Na zauna a ƙasa, kan kujerun da ba su kai gwiwa ba,
har gwiwoyin suka yi fushi da ni.
Na sha shayin ƙarya a kofin roba,
na yi jinyar ’yar tsana mai zazzaɓi.
Mujallu sun maido mini da takardu bakwai,
wai shiru ba ya aunuwa.
Masu ba da tallafi suka ce in kawo adadi.
Wani lokaci na kawo, ba zan ɓoye ba,
ciki ba ya cin gaskiya zalla.

Ɗazu ɗalibata Saimi ta ɗago tsohuwar takarda,
ta yi rawaya, layin biro na nan ratse da suna.
“A saka a injin yanka?”
Ƙa’ida ta ce a saka.
Na ce mata ta je ta sha kofi.

Yanzu ina cikin bas, takardar na aljihun kwat.
Tuure ya kusa arba’in, in yana raye.
Ko direban nan ne, ko mai gyaran gada,
ko yana da ɗa mai surutu kamar ruwan bazara,
ban sani ba.
Na hura tagar, na zana da’ira da ido biyu.
Yatsana ya tsaya a wurin bakin
har tururin ya bushe.