Majemi da Fatarsa

Shekara talatin ina jima a Maradi.
Miƙo mini fatar jar akuya, idona a rufe,
in shafa in gaya maka ko ƙaya ta taɓa karce ta,
ko yunwar rani ta ci rabonta.
Toka, kashin tantabara, bagaruwa,
da su nake lallashin fata har ta saduda.
Sai ga tawa ta zo da yaren da ban iya ba.

A gwiwar hannu ya fara.
Ɗan tabo, faɗinsa bai wuce dala ashirin ba,
mai duhu, a tashe, bakinsa a shate,
samansa furfura-furfura.
Na ce ruwan toka ne, zai wuce.
Na kankare, ya zubo kamar ɓawon kifin Madarunfa,
jini ya tsattsafo, bakin allura, bakin allura.
Wata bai cika ba ɗan'uwansa ya fito a ɗaya hannun,
daidai wurin, kamar sun yi alkawari.
Sai gwiwar ƙafa. Sai ƙugu, inda mazagi ke zama.
Wanzami ya ce amosani ne,
amosanin da ya tsallake gashi ya sauko bayan kunne.
Farcena ya yi ƴan ramuka kamar ƙasa bayan yayyafi.
Inda wuƙar aiki ta yanke ni,
nan ma ya bi sawun yankan ya zauna.

Kowa da sunan da ya raɗa masa.
Makero, in ji Miko. Kirci, in ji surukata.
Wani bai ce komai ba, hannu kawai ya janye daga akushi,
amma na ji sunan da bai faɗa ba.
Jika uku na zubar kan haɗin kwalba a kasuwa,
ya ƙone ni kamar tonka, tabo ya ƙara faɗi.
Tsakiyar bazara, ni da riga mai dogon hannu.

Ƴata Tsahara ce ta tsai da kabu-kabu:
Baba, Danja za mu.
Danja! Duk hanyar yatsuna nake ƙirgawa.

Lokotoro ta ce in rufe ido,
ta ɗora zaren auduga kan tabon. Ka ji?
Na ji.
To ba kuturta ba ce. Sunansa soriyazis.
Fatarka ke gaggawa,
aikin wata take yi cikin kwana huɗu,
sabuwa na ture sabuwa tun ba su nuna ba.
Ba a ɗaukarsa a akushi, ba a ɗaukarsa a musafaha.
Akwai mai shi a danginku?
Sai na tuna kawu Barmo da hular da ba ya cirewa.

Ga wannan, ya sassauta ɓawon.
Ga wannan, ka shafa kaɗan kan tabo kawai,
sati huɗu, ka dawo in gani, kada ka zarce da kanka.
Bayan wanka man kaɗanya, tun jiki na da lema.
Ranar hantsi ƴar kaɗan. Ka bar susa, ka bar taba,
ka rage ɗaukar duniya a ka.
In gaɓoɓi suka soma sanƙarewa da asuba, maza ka zo,
akwai ƙwaya, amma sai an auna jini.

Na ce, zai warke?
Ba ta yi mini ƙarya ba.
Kamar ruwan Gulbi ne, ta ce, ya tafi, ya dawo,
mu dai mu hana shi cin gari.

Yanzu na naɗe hannun riga.
Tabon ya kwanta, saura inuwarsa.
Da dare Tsahara kan same ni ina murza mai a gwiwa,
sannu-sannu, yadda nake yi wa fatar da aka biya da tsada.
Mai janye hannu bai dawo akushinmu ba tukuna.
Miko kuwa ya dawo, har lomata yake ci.