Tambayar Kuluwa

Jikata Kuluwa ta dawo hutu daga Aliero,
ta iske ni a rumfar injin casa, ƙaiƙayi har cikin gemu,
ta ce, "Kaka, a siyasa kai hagu ne ko dama?"
Na ce, da dama nake cin tuwo, 'yar nan,
hagu kuwa kin san aikinta.
Ta yi dariya, amma ba ta tashi ba.

To, gyara zama.

Ina ɗan sha tara ruwa ya ci gungunmu.
Aka ce wuta za a yi wa ƙasa.
Na ga kan rimin gidanmu yana leƙe a tsakiyar Kwara
kamar mai ɗaga hannu a taimake shi.
Wutar ta bi ta bisa kanmu a waya, ta yi gaba,
mu muka ci gaba da hura aci-balbal.
Tun ran nan duk mai babbar riga abokin gabana ne.

Na tafi masaƙar Gusau, na koyi zare, na koyi ihu.
Na hau durom na ce:
gumin talaka ba ruwan rijiya ba ne!
Kwana tara na yi a bayan kanta,
na fito ina taku ɗai-ɗai, ƙwarƙwata cike da wando.

Sai tafiya. Kamba, Gaya, har Kumasi bisa buhunan albasa.
Can na ga masu bindiga da suka rantse da talaka
sun yanka wa kasuwa farashi,
sun zane wata mai gishiri a gaban 'ya'yanta,
kantuna wayam, sabulu ya fi zinariya wuyar gani.
Na haɗiye wani abu.
A Sabha na ɗauki bulo wata huɗu, mai gida ya hana ni ladana,
ba ƙungiya, ba alƙali, ba wanda ya san sunan ubana.
Na haɗiye wani abu dabam.
Har yau suna cikina su biyu, ba wanda ya narke.

Injin nan da kike gani, bayana ne ya saye shi.
Yara shida ke ci a ƙarƙashinsa.
Bara Nomau ya cire hula ya tsaya gabana,
ya ce, "Baba, gumin talaka ba ruwan rijiya ba ne."
Ban san inda ya tsinto ta ba.
Maganata ce ta yi yawon duniya ta dawo neman bashi.
Na ƙara masa rabin abin da ya nema,
na kwana ina lissafin man injin,
ina jin haushinsa,
ina jin kunyar yaron nan na kan durom.

Ga kuma Labbo, da bai taɓa wuce Koko ba.
Shi ke ce mini a da, "Arzika, bar wa manya abinsu,
mai haƙuri ka dafa dutse."
Shekara uku ke nan da aka kafa turaku a fadamarsa,
aka nuna masa takarda mai hatimi.
Yanzu shi ke yawon Yelwa da takardar koke a aljihu,
yana kirana ɗan jari-hujja, da gorona a kuncinsa.
Kwano ɗaya muke ci har gobe.

Kuluwa ta ce, "Ai ba ka amsa ba."

Tambaye ni ranar biyan haraji, ki ji amsa.
Sake tambayata ranar da kwalekwale ya ratsa da ni
ta inda rimin yake, ki ji wata.
Ke fa?

Ta ce, "Hagu," ko ƙiftawa babu.

Na ce, riƙe ta da kyau.
Je ki ga gari, ki sha ruwan da ba na Kwara ba,
sai dai kada ki yi saurin sayen injin.