Awon Tela

Shekara ashirin da biyu ina kan kujera ɗaya
a lungun Hindawiyya, bayan mai gasa tamis.
Na auna ƙugun rabin mazan Jidda.
Na san wanda ya yi aure daga faɗin rigarsa,
na san wanda bashi ya ci daga zamewar wandonsa.
Nawa awon na rubuta da alli a bayan ƙofa,
arba'in da huɗu,
na rataye kalanda a kai.

Ranar da na sunkuya ɗaukar allura
numfashi ya ce bai san zancen ba.
Dakta Fatihu, Basudane mai farin gemu,
ya dubi takarda, ya dubi tumbina:
"Ya Hajji, sukari na bakin ƙofa, sallama ce bai yi ba.
Tashi ka taka ƙasa."

To, na tashi.
Bayan asuba, bakin Bahar Maliya,
iskar gishiri na manne wa wuya kamar ƙaro,
ni da takalmin da Ilu ya ba ni aro,
samari na wuce ni kamar mai gidan haya ya biyo su.

Ranar farko lafiya lau.
Ta biyu, cinyoyi suka kai ƙara:
sujada ta zama aiki, matakalar bene ta zama dutse.
Me ya hana ciwon zuwa jiya, sai yau?
Ashe jiki ma irin masu karɓar ɗinki ne,
sai ya kwana yake dawowa da ƙorafi.

Ilu ya ce, "Naɗa leda a ciki, ka ɗaure tam,
zufa ai kitse ne yake kuka."
Na naɗa. Na jiƙe sharkaf. Sikeli ya sauke kilo guda.
Na sha ruwa kofi huɗu,
kilon ya dawo ko gaisuwa babu.

Da dare na tambayi Rumasa'u, autata mai karatun jinya:
"In ba zufa ba ce, ina kitsen ke tafiya?"
"Baba, yawancinsa a numfashi yake fita,
kana hurar da shi kaɗan-kaɗan, saura ya bi ruwa."
Na yi tagumi.
Wato kabsar kowace Juma'a,
da mandin bikin ɗan Jatau da na yi wa zama biyu,
duk iskar teku zan damƙa wa?

"To, fuska ta faɗa, zobe na juyawa a yatsa,
don me tumbi ke zaune daram kamar mai igama?"
Ta yi dariya har da riƙe bango.
"Ba kai ke zaɓa ba.
Jiki na kwashe kaya daga ɗakin da ya ga dama,
ko ka naɗe ciki sau ɗari a kan tabarma."

Mako shida sikeli ya kafe a casa'in da huɗu.
Na rage shinkafa, sukarin shayi ya koma cokali ɗaya,
Kuluwa har ta fara zargin hannunta a girki.
Na ce gobe ba ni fita. Wahalar banza.

Goben kuwa, bayan azahar, shago ba kowa,
tef na rataye a wuyana kamar kullum.
Na ja labule.
Na zagaya shi daidai cibiya, ban tsuke ciki ba,
ni da na san duk dabarar masu tsukewa.
Arba'in da biyu.
Na sake, don tela ba ya yarda da awo ɗaya.
Arba'in da biyu.

Na ɗaga kalanda, na goge allin da yawu.
Na ɗauko wandon sallar bara,
wanda na buɗe wa ƙugu har sau biyu,
na sa shi ƙarƙashin allura, na taka keke.
Ƙamshin tamis na shigowa ta taga.
Na leƙa na ce wa yaron, "Rabi."
Ya ce, "Rabi, Baba Ɗanliti?"
Na ce, "Rabi. Kuma kar ka sa samin."