Totur Ya Yi Shiru a Rustawi

Ta teku ta zo, cikin kwantena,
goshi a murƙushe, ido ɗaya a tsiyaye,
lambar gwanjo da alli a jikin gilashi.
Wanda ya yi karo da ita ban san shi ba.
Ya dai bar mini safar yaro ƙafa ɗaya
a ƙarƙashin kujera.

Wata biyu muna kanta a Rustawi,
layin garejin da ke bayan masana'antar ƙarfe.
Gela ya ja ƙashinta da sarƙa har ya miƙe,
Nodar ya yi walda, ya bi da fenti,
shuɗi mai sheƙi, kana ganin haƙoranka a ciki.
Ni nawa aikin waya ne.
Sai kowa ya wanke hannu ake kirana.

Na murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi.
Na taka totur.
Ko gezau.
Na danna har ƙafata ta taɓa ƙasa,
inji na ta gunagunin sulo abinsa,
kamar tsohon da ake wa magana
yana kallon bango.

A zamanin babana igiyar ƙarfe ce:
ƙafa ta ja, inji ya amsa, ba shamaki.
Yanzu kuwa aike ne.
Ƙafa ta gaya wa feda,
feda ta gaya wa kwamfuta,
kwamfuta ta auna maganar, in ta gamsu
ta buɗe wa inji maƙogwaro.
'Yan aike uku, a cikinsu wa ya ci saƙon?

Na bi fis ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu lau.
Na jona na'ura, ta zubo mini laifi goma sha ɗaya,
na goge, tara suka dawo.
Mai laifi da yawa haka ai ƙazafi ake masa.
Na sa mita a feda: allura ta hau, ta sauka,
ta sake hawa kamar mai zazzaɓi.
Na je wurin Bidzina mai gawar motoci,
na ciro maƙogwaro a jikin 'yar'uwarta,
na biya lari ɗari da hamsin, na ɗaura.
Shiru dai.

Lamara kullum sai ta bugo.
Bashi ta ci ta saye ta, tasi za ta yi a Tibilisi.
Ba ta faɗa, ba ta zagi,
"Otar, yaya?" kawai take cewa,
wannan ya fi zagi ciwo.

Dare na uku iskar dutse na kaɗa ƙofar kwano,
burodi da cuku sun sandare a kan benci.
Na ajiye na'ura, na kama tocila da haƙori,
na bi wayoyin da yatsa
yadda ake laluben jijiya a hannun maras lafiya.
Daga feda, ta ramin bango, ta bayan batir,
har inda baƙaƙen nan huɗu ke haɗuwa
a noti ɗaya, a jikin ƙarfen mota.
Nan wuta ke bi ta koma gida.

Notin a ɗaure tam.
Ƙarƙashinsa kuwa shuɗi, sumul, shafe uku.

Ashe ba hatsarin ba ne.
Mu ne.
Garin rufe tabo muka toshe mata hanya.

Na kankare da wuƙa, faɗin kwabo,
har farin ƙarfe ya leƙo.
Na ɗaure, na shiga, na ɗan taɓa da babban yatsa,
ta yi wani ruri
da ya tashi karen maƙwabta.

Da safe Nodar ya ga wurin, ya ɓata rai,
wai na yi wa aikinsa rauni.
Na shafa giris a kai, na rufe bonet.
Lamara ta ce me ya same ta?
Na ce ado ne ya yi mata yawa.
Safar nan kuma na bar ta inda na gan ta.