Ruwa Ya Koma Baya

Shekara ashirin da huɗu ina gyaran injin ban-ruwa
a bakin kanal ɗin Bakolori.
Daga tarin inji nake gane ciwonsa,
ban taɓa kasa kunne ga nawa ƙirjin ba.

Da farko hawan madatsa ne ya ƙara tsawo.
Na ce girma ne.
Sai guga ya yi nauyi.
Sai sujada ta zama nutso,
in ɗago kai ina haki.

Tumba ta ƙara mini matashi, ya zama biyu,
ya zama uku,
har na koma kwana a zaune
jingine da buhun shinkafa,
ina sauraron kwaɗin fadama
suna cika ƙirji yadda suka ga dama.

A kemis ɗin Barmo an ɗaura mini awo a dantse.
Jininka kamar na saurayi, in ji shi.
To me ya hana takalmina shiga?
Me ya sa in an danna ƙafata
rami ke zama, kamar sawu a laka?

A Gusau likita ta nuna mini zuciyata a allo.
Ta ce wata ƙofa ce a ɓangaren hagu
ta ƙanƙance tun ƙuruciya,
sanadin ciwon maƙogwaron da ba wanda ya tuna.
Jini ya zo wucewa, hanya ta yi kaɗan,
sai ya dawo ya matsa wa huhu.
Can hawan jinin yake,
inda awon dantse ba ya kaiwa.

Na yi dariya, dariyar ta zama tari.
Na ce, Likita, ai bawul ne.
In bawul ya cije
baya ruwa ke komawa, tiyo ya kumbura,
inji ya yi ta gurnani har ya cinye kansa.
Ta ajiye biro ta dube ni.

Yanzu ƙwaya da safe, fitsari har azahar.
Tumba ta ɓoye gishiri, miya ta zama wa'azi.
Kuɗin aikin da suka rubuta
na ninke takardar cikin hula.

Tunau ke kwance injuna yanzu,
ni ina kan benci ina nuni da kara.
Jiya ya tayar da wani da ya shekara a mace,
ruwa ya yi tsalle ya nufi kwamin albasa.
Na ja numfashi, iya wanda ya samu,
na ce, rage masa wuta, yaro.
Kar ka matsa masa.