Shafi na Sittin da Biyu

Shekara goma sha tara ina riƙe da littafin,
mai baƙin bango, wanda ɓera ya ɗanɗani kusurwarsa.
A ciki mazajenmu suke, ɗari huɗu da sha ɗaya,
waɗanda ramin ma'adinan Potosi ya haɗiye da asuba,
ya tofo su da yamma suna tari,
har tarin ya ƙare.

Ƙungiyarmu ba ta da ko sisi.
Ɗaki ɗaya, benci uku, butar shayi,
sai ni, Eulogia, da aka ce rubutuna ya fi karantuwa.
Neman diyya kuwa, a kwana cikin mota zuwa La Paz,
a bi layi, a miƙa takarda ta taga,
bayan wata shida a ce ba a gan ta ba.

Ran wata Talata hukumar fasaha ta aiko mana yaro,
Wilfredo, leɓe duk ya tsage don sanyi.
Ya hau rufi ya kafa farin faifai yana kallon sama
kamar kwanon da ke jiran ruwa.
Ya ja waya ta ƙarƙashin ƙofa,
ya ajiye kwamfuta biyu masu hatimin gwamnati a goshi.
Ya ce kyauta ne.
Casimira ta ce, "Kyautar gwamnati, a duba gindinta,"
ta ɗaga ɗaya ta duba. Muka yi dariya, har da shi.

Ya ce in kawo littafin a gwada.
Ina karantawa, yatsunsa na gudu
kamar kaji a kan tsaba.
Shafi goma, shafi talatin,
shayi ya huce ba wanda ya kula.
A shafi na sittin da biyu na ce, "Ticona, Severino,"
sai yatsun suka tsaya.

Na sake faɗa, ko bai ji ba.
Ya ce ya ji.
Ya ce yana ɗan shekara huɗu,
abin da ya riƙe kawai hular kwano mai fitila
da aka rataye bayan ƙofa.
Ya rubuta sunan a hankali, da yatsa ɗaya,
kamar yadda ni nake yi yanzu.

Ba a rufa wata biyu ba amsa ta zo,
ta mutum tara. Tara dai.
Sauran suna hanya, in ji allon.

Yarjejeniyar ta shekara ɗaya ce.
Wuta na ɗaukewa, iska na karkata faifan,
sai jikata ta hau da sanda ta daidaita.
Littafin yana nan ƙarƙashin katifata,
guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wilfredo kan bugo ran Juma'a
ya tambayi lafiyar na'ura.
Ba ya tambayar ɗaya abin.
Ni nake cewa, "Tukuna, ɗana."