Arba'in da Huɗu

Ubana Nerio ba mashayi ba ne.
Sau uku na faɗa wa ɗan sandan Barranquitas haka
ranar da ya gan shi yana tangaɗi kan gadar katako,
kafaɗa na zillo, yatsu na kaɗa jitar da babu ita.

A bakin tafkin Maracaibo, ciwon San Vito muke cewa.
Likita Ledys ba ta yi gardamar suna ba.
Zaren komarsa ta ɗauka, ta ce in duba:
akwai wani furotin a kan kowa,
nata, nawa, na fada mai coci.
Ɗan dako ne, yana jigila cikin ƙwayar jijiya,
ba don shi ba ma da ba a haife mu ba.
Sai dai a rubutun da ake ƙera shi
akwai haruffa uku masu nanata kansu.
Sau sha bakwai, sau ashirin, lafiya lau.
Na Baba i'ina ta kama su
har sau arba'in da huɗu.

Sai jelar ta yi tsawo, ta yi danƙo,
ta gutsure, ta liƙe wa 'yar'uwarta,
su cukuikuye can tsakiyar ƙwaƙwalwa,
daidai wurin da ke ce wa hannu: tsaya.
Shekara talatin da takwas wurin yana cijewa.
Ran nan kofin gahawa ya kuɓuce.

Na ce, ni fa?
Ta ce rabi da rabi.
Ta ɗan yi shiru, ta ƙara:
in ta uba ya biyo, ƙirgen kan ƙaru a hanya.
Kamar bashin mai kanti, na ce.
Ba ta yi dariya ba.

Yanzu ni ke fita kamun ƙaguwa.
Ni ke dama masa masara ruwa-ruwa don kada ya shaƙe,
ya ci na mutum uku, yana ta ramewa.
Rawar ce ke cinyewa.

Da dare walƙiyar kudu kan haska ruwa, ba ko tsawa.
A haskenta nake ganinsa cikin ragar kwana,
barci ya karɓe rawar,
hannuwan nan a kwance kamar ba su taɓa laifi ba.

Nakan zauna gyaran koma, ina ƙirga ƙulli.
In na kai talatin da biyar sai in yanke zare,
in sake daga ɗaya.
Ƙanena Eudo ya ce ina ɓarnar zare.
Bai san me nake ƙirgawa ba,
kuma jiya na ga babban yatsansa
yana motsi shi kaɗai a kan filafili.